Shekarar da Na Fitar da Yayanku daga Zaure

Rabi, ke ce kika tilasta mini rubuta wannan babi, ko da yake ba ki sani ba. Ranar sunan ɗanki na uku ina zaune a soro na ji kina gaya wa ƙannenki a tsakar gida cewa Baba ya watsa wa Yaya ƙasa a ido a gaban duniya don kawai ya faranta wa surukansa rai. Kin ɗauka kunnena ya mutu. Bai mutu ba, gwiwa ce ta mutu. Na yi fushi da ke kwana biyu, a na ukun na ga ai rabin maganarki gaskiya ce, kuma rabin gaskiya shi ne ainihin abin da ya so ya rusa gidan nan a waccan shekara. Saboda haka ga ta nan cikakkiya, ku karanta har ƙarshe. Wanda ya san ba zai kai ƙarshe ba, kada ma ya fara.

Kun dai san ba na faɗin sunan yayanku. Ɗan fari ne, kuma ni tashin da ne. Mahaifiyata Bafulatana ce daga wata ruga a gefen Bunkure, har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba, "kai wannan" take ce mini, kuma ban taɓa jin cewa ba ta ƙaunata ba. Haka muka taso. Ɗan fari ba ka kiran sunansa, ba ka yabonsa a gaban mutane, idan ya yi faɗa da ɗan wani naka za ka fara tsawata wa ko da shi ke da gaskiya. Da yayanku ya zama malamin kimiyya a makarantar sakandare mutanen gari suka raɗa masa Ticha, sai na samu sauƙi, ni ma na riƙa cewa Ticha. Innarku kuwa ko wannan ba ta iya faɗa, sai dai ta ce "wancan na makaranta".

Aikina kun san shi, amma jikoki ba za su sani ba. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina riƙe da ƙofar ruwan sashenmu, ƙofar ƙarfe a bakin ƙaramin kanal, wato magudanar ruwan noman rani, mai kambu kamar sitiyarin mota. Idan na murza ta ɗaga, ruwa ya gangara gonakin rani. Ruwan kuwa rabo ne: yau na masu kai, gobe na masu tsakiya, jibi na masu wutsiya, wato waɗanda gonakinsu ke can ƙarshen kanal inda ruwa ke isa a gajiye. Duk sauyin da aka samu daga ofishin ruwa, ni nake hawa keke in bi mutane gona-gona in gaya musu. Da gwiwa ta fara ba ni wahala, yayanku ne da kansa ya karɓi wayata ya buɗe mana zaure a ciki, ya zuba lambobin manoman sashenmu, ya ce ni ne mai zauren, ni kaɗai ke da ikon shigar da mutum ko fitar da shi. Tunda yawancinmu ba ma karatun boko, da murya ake magana. In danna in ce gobe ruwan masu wutsiya ne, shi ke nan, kowa ya ji a gonarsa. Wallahi na ji daɗin abin nan. Na jingine keke a soro har tayarsa ta sace.

Sai shekarar tsutsa ta zo. Zafi ya faɗo da wuri, tumatir ya yi 'ya'ya gwanin sha'awa, sai ga 'yar ƙaramar tsutsar nan da ke shiga cikin ganye ta cinye shi ta ciki. Gonar da ka bari kore shar ranar Litinin, ka dawo Alhamis ka tarar kamar an bi ta da wuta. Aka yi feshi, aka sake, aka ninka, tsutsa ko gezau. Wanda ya fi kowa sayar da maganin feshi a yankinmu kuwa shi ne kawunku Habu, ƙanen Innarku, wanda da safe yake shago, da yamma yake karantar da yara a Islamiyya. Shi ya ɗora wa yayanku alif da ba, shi ya kai shi har sauka. Ni kuma abokin wasana ne, Ustazun Feshi nake ce masa, shi kuma ya ce mini Sarkin Murɗa. Da hankalin mutane ya tashi, sai aka fara jifansa da magana a zaure, wai maganin jabu yake sayarwa.

Ku lura da kyau, don nan ne kowa ya manta. Yayanku ya buɗe baki ne don ya kare kawunsa. Ya ce maganin Kawu ba jabu ba ne, tsutsar ce ta sauya. Ya ce shekara da shekaru ana fesa magani iri ɗaya, masu rauni a cikin tsutsar suna mutuwa, masu taurin rai suna tsira su hayayyafa, har ta kai yanzu jikokin masu taurin rai ne kaɗai suka rage. Ya ce a daina ninka magani, a riƙa sauya iri. Ni da na ji, na gyaɗa kai, domin na ga irin haka a ciyawar da ke hana shinkafa sakat. Da abin ya tsaya nan da ba ni da babin rubutawa. Amma a lokacin zauren ya riga ya cika da mutanen da ban sani ba, don duk wanda ya ce in sa masa ƙanensa ko dillalinsa sai in sa, ban iya cewa a'a ba. Wani mai lambar da har yau ban san fuskarsa ba, wanda na tabbata ko kwamin shuka ɗaya bai mallaka a sashenmu ba, ya jefo tambaya. Ya ce ashe wannan ne abin da Ticha ke koya wa 'ya'yan mutane, cewa halitta na sauya kanta da kanta, kuma mutum daga biri ya fito?

Mai hankali da ya yi shiru. Amma yayanku malami ne, kuma taurin kaina ya gada, ba zan ɗora wa dangin Innarku ba. Ya ɗauki waya ya yi bayani na minti goma sha ɗaya. Kawunku Habu, maimakon ya gode wa wanda ya wanke shi, ya ga an taɓo abin da ya fi shagonsa girma a wurinsa, sai ya mayar da martani na minti goma sha biyar. Yayanku ya amsa. Kawu ya amsa. Daga nan kowa ya zama malami. Mai faci ya kawo hujja, dillalin kwandon tumatir ya kawo hujja, ɗaliban jami'a suka shigo da Turanci, wasu suka riƙa turo hotunan ƙasusuwa, wasu suna turo wa'azin da aka yi a wata ƙasa. Waya ta riƙa kuka a aljihuna tun daga asuba kamar ɗan tsako. Kusan mako biyu ana abu ɗaya, tsutsa kuwa tana can tana cin tumatir ba wanda ya sake ambatonta.

A gida, Innarku ta kan jingina wayata a jikin turmi tana tsintar shinkafa tana saurare. Idan muryar ƙanenta ce ta ce Allah ya shirye ka Habu, idan ta ɗanta ce sai ta ƙara sunkuyar da kai. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, ban taɓa sauraron ko ɗaya har ƙarshe ba. Minti ɗaya, biyu, in ji inda aka dosa, in kashe. Na ɗauka ni kaɗai nake haka. Rannan ta ɗago ta dube ni.

"Malam, ba za ka tsawatar ba? Duk su biyun nawa ne fa."

Na ce mata maganar malamai ce, ni ruwa nake rabawa. Abin da ban gaya mata ba shi ne kunya nake ji. Idan na sa baki za a ce na shigar wa ɗana.

A kwana na shida aka kira ni ofishin ruwa aka sanar da ni, a kan kari kuma, cewa za a rufe babban kanal kwana goma don a yashe shi. Ina fitowa na danna waya na faɗa, sau biyu ma, na ce duk wanda bai yi dashe ba ya dakata, kada ya cire iri sai ruwa ya dawo. Na sa waya a aljihu na ce na sauke nauyi. Ashe kafin in iso gida maganata ta nutse a ƙarƙashin muryoyi sun fi hamsin. Tsofaffin da wayoyinsu suka cika suka daina buɗewa tun kwana na uku, wasu kuma sun gaji sun kashe ƙarar zauren gaba ɗaya. Cikinsu har da Baba Mati, dattijon da gonarsa ce ta ƙarshe a wutsiyar kanal, mutumin da tun farkon kama aikina nake kai wa saƙon ruwa a kan keke. Ana gobe za a rufe ruwa ya tara mutanensa suka cire irin shinkafarsa kaf suka dasa. Da ya ji sanarwa da ya bar irin a inda yake yana ba shi ruwa da bokiti. Kwana huɗu a cikin wannan zafi, dashen ya kwanta ya bushe.

Da ƙafa ya tako har bakin ƙofar ruwa ya same ni, da damin busasshen iri a hannunsa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ajiye a gabana.

"Sa'idu, da kake zuwa a keke ban taɓa asarar dashe ba. Yanzu an ce kuna can kuna binciken kakan biri."

Na rasa inda zan sa fuskata. A ranar kuma na samu labarin abin da ya fi wannan muni. Wani ya ɗauki bayanin yayanku na farko ya yanke shi, ya bar daidai inda yake cewa a littafin makaranta an rubuta mutum da biri asalinsu ɗaya, ya watsa. Guntun nan da bai kai rabin minti ba ya je Kura, ya je Kadawa, ya shiga wayoyin matan aure. Raina ya ɓaci, na zauna a kan dakalin ƙofa da damin Baba Mati a gabana na yanke shawara cewa yau za a daina. Na buɗe jerin sunaye. Mutum biyu ne tushen rigimar, kuma adalci shi ne in fitar da su duka biyun. Na kai yatsa kan sunan Habu na tsaya. Malami ne, ƙanen matata ne, ya girmi yaron. In fitar da shi a ce Sa'idu ya wulaƙanta surukinsa saboda ɗansa? Sai na yi abin da aka tarbiyyantar da ni a kai, abin da mahaifina zai yi, abin da duk dattijon kirki a garin nan zai yi. Na fitar da nawa, na bar na mutane.

Ban san cewa waya tana rubuta wa kowa abin da ka yi ba. Ashe a take ta sanar da duk wanda ke zauren cewa Malam Sa'idu ya fitar da Ticha. A soro, idan uba ya ce wa ɗansa tashi ka ba mu wuri, kowa ya san kara ce, kowa ya ga fuskar uban, an san gobe tare za su ci tuwo. A waya ba fuska. Abin da mutane suka karanta shi ne uban da ya haife shi ma ya yanke masa hukunci.

Washegari da aka tashi daga makaranta ya same ni a bakin ƙofa. Ya jingine babur, ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, bai tashi ba.

"Baba, tambaya ɗaya zan yi. Ka saurari maganata har ƙarshe?"

Na ce masa ni ruwa nake rabawa ba karatu ba, kuma saboda surutunsa dattijo ya yi asarar dashe. Ya ce ya ji, kuma zai je ya ba Baba Mati haƙuri. Sai ya sake tambaya, a hankali, ko na saurara har ƙarshe. Na juya na kama kambun ƙofa ina murzawa, alhali babu ko ɗigon ruwa a kanal ɗin. Ya daɗe a durƙushe, sannan na ji tashin babur.

Abin da ya biyo baya wasunku sun gani. A masallaci aka fara barin tazara tsakaninsa da na kusa da shi a sahu. Ya miƙa wa mutum hannu a yi kamar ba a gani ba. Iyaye suka je makaranta suka ce a cire 'ya'yansu daga ajinsa. Matarsa ta daina zuwa biki. Duk wanda ya so ya kare shi sai a ce masa, kai ka fi ubansa saninsa ne? Kafin wata ya ƙare ya nemi a mayar da shi wata makaranta ta wajen Madobi, ya kwashe iyalinsa. Ya zo ya yi wa Innarku sallama lokacin da ya san ina gona. Ranar ta kawo mini abinci ta ajiye, ba ta zauna ba. Shekara talatin da biyar muna tare ba ta taɓa yi mini magana a tsaye ba sai ranar.

"Malam, ka san abin da ake cewa a gari? Cewa ake ubansa ma ya sallama shi. Ni ban san biri ba, ban san littafi ba. Na san wanda na goya yana tashina sallar asuba."

Abincin nan ban ci shi ba. Da gari ya waye na ɗauki waya na tafi gindin mangwaron da ke bakin ƙofar ruwa, na koma can farkon rigimar, na ce wallahi sai na ji kowace kalma ko da zai ɗauke ni wata. Kwana uku ya ɗauke ni, daga hantsi zuwa la'asar. Na ji shirme iri-iri. Na ji mutum yana ba da amsar abin da ba a faɗa ba, wani kuma ya ba shi amsar abin da shi ma bai faɗa ba. Na gane ba ni kaɗai ke kashewa a minti biyu ba, kowa haka yake yi, yana jin farkon magana ya fara shirya tasa. Ba zan wanke yayanku tas ba. Akwai inda ya yi wa kawunsa dariya, akwai inda ya sako Turanci don ya nuna an yi boko, akwai kuma abubuwan da ya faɗa da har gobe ban yarda da su ba. Amma a cikin bayanin nan na minti goma sha ɗaya, daidai bayan inda aka yanke, ga abin da ya ce, na saurara sau bakwai har na haddace:

"Wannan abin da littafin ya ce ke nan, shi ake tambayar yara a jarrabawa, kuma aikina ne in koyar da shi yadda yake. Amma ni ban ce tsutsa ta halicci kanta ba. Wanda ya halicce ta shi ya sa mata wannan hali. Abin da Kawu ya karantar da ni a kan Annabi Adamu kuwa yana nan inda ya ajiye shi."

Na yi kuka a gindin mangwaron nan, ba zan ɓoye muku ba. Da na share fuska na koma gida na hura wa keke iska na nufi Bunkure, ranar kasuwa ce, na tarar da Habu a shago. Ya fara tsokanata da Sarkin Murɗa, na ce yau ba wasa ya kawo ni ba. Na karɓi wayarsa na jefa a aljihuna, na zaunar da shi a kan benci, na ce zai saurari ɗan yayarsa daga bisimilla har wassalam, kuma yatsansa ba ya kan komai, sannan na kunna masa a tawa wayar. Sau uku yana yunƙurin katsewa ina ɗaga masa hannu. Da aka zo wurin nan sai ya cire hula ya riƙe. Muryar ta ƙare, mai sayen magani ya zo ya gaji da sallama ya tafi.

"Yaya, ban ji wannan wurin ba."

"Amma ka ba shi amsa har sau uku."

Ya ce shi fa har yanzu bai yarda da abin da ke cikin littafin nan ba, kuma ba zai taɓa yarda a ce yara su haddace shi ba tare da an yi musu bayani ba. Na ce ban zo don ya yarda ba, wannan tsakaninsa ne da ɗalibinsa, su zauna a tabarma su yi ta yi har tsufa. Na zo ne don ranar Juma'a zan tashi in yi magana, kuma ina so ya tsaya kusa da ni. Ya ce idan bai tsaya ba ai bai cika ɗan halak ba.

Ranar Juma'a bayan an sallame, kafin mutane su kai ga takalmansu, na miƙe na nemi izinin liman. Ni ba mai magana ba ne a taro. Na ce jama'a, ni ne na yi kuskure biyu. Na farko na bar keke na dogara da waya har Baba Mati ya yi asara. Na biyu na fitar da mutum daga zaure don kara, aka ɗauka hukunci ne. Na ɗaga waya na kunna musu wurin da aka yanke. Sannan na yi abin da ban taɓa yi ba tun ranar da aka raɗa masa suna. Na faɗi sunansa, cikakke, haɗe da nawa, da ƙarfi yadda na sahun baya zai ji. Na ce ɗana ne, musulmi ne ɗan musulmi, duk wanda ya bar tazara tsakaninsa da shi a sahu to ni ya bar wa. Habu ya ce shi shaida ne, shi ya karantar da shi, kuma shi ma bai saurara har ƙarshe ba.

Kada ku ɗauka an tafa mini. Wasu dattawa sun ce tsufa ya fara taɓa Sa'idu, mutum ya tsaya a masallaci yana kiran sunan ɗan fari kamar wani ɗan birni. Akwai aminina na shekara arba'in da ya daina zama a soron nan tun daga ranar. Da na je gida na rufe zauren, na mayar da shi ba mai magana sai ni, ni ma sai maganar ruwa, samari suka ce na zama ɗan kama-karya, suka buɗe nasu. An ce mini har yau suna can suna fama da biri, kuma ban ji an ce ko mutum ɗaya ya sauya ra'ayi ba. Ni ban hana kowa tambayar yadda Allah ya yi halittarsa ba, tambaya ce babba, ta fi ƙarfin mai murɗa ƙofa. Abin da na ce, kuma a kansa zan mutu, shi ne ba a yin ta a inda mutum zai iya kashe ka a minti biyu ya ba ka amsa, ko ya yanki rabin numfashinka ya kai Kura. Daga ranar kuma duk sanarwar da na yi a waya sai na hau keke na kai ta wutsiya da bakina, da gwiwar da komai, har ranar da na miƙa makullin ƙofa. Baba Mati ya karɓi irin da na ba shi daga nawa, amma sai da ya shekara yana tambayata lafiyar kakan biri.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Guntun da ya ɓata yayanku ya zaga ƙananan hukumomi uku a yini ɗaya. Maganar da na yi a masallaci kuwa, cikin mutanen nan duka masu waya a aljihu, babu wanda ya ɗauka. Ko mutum ɗaya. Labari dai ya kai masa a bakin Habu, wanda ya hau mota takanas ya je ya ba shi haƙuri, suka yini suna musu, suka ci abinci a kwano ɗaya. Amma ni bai zo ba. Ya kan aiko da gaisuwa ta bakin Innarku. Sau biyu ina shirya tafiya Madobi ina fasawa, ba girman kai ba ne, ban san da wane baki zan fara ba. Damina ta zo ta wuce, aka yi girbi, aka fara gyaran kwamin rani.

Ranar da za a saki ruwan farko na rani na fita da sassafe. Ƙofar ta yi wata huɗu a rufe, tsatsa ta kama kambun, na zuba baƙin mai na murza, ta ƙi. Ina cikin fama na ji babur ya tsaya a bayana. Ban juya ba, na san ƙarar. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa, na tambayi iyali, ya ce lafiya. Ruwa yana ta bugun ƙarfe ta ɗaya gefen.

"Baba, Kawu ya ce ka faɗi sunana a masallaci."

Na ce na faɗa.

"Kowa ya ji, ban da ni."

Na dubi kambun nan, na dubi hannuwana da suka yi baƙi da mai. Na tuna mahaifiyata, na tuna mahaifina, na ce su yafe mini. Na riga na yi niyya tun a gindin mangwaro, wata takwas ina ɗauke da ita. Na matsa gefe na bar masa rabin kambun.

"Kabiru, kama mini nan."

Ya tashi ya kama. Muka murza tare, ƙofar ta yi ƙara ta ɗaga, ruwa ya wuce wutsiya.